Idon Inna na Dama

Tun da aka kawo ni gidan nan na Saulawa daga garinmu Likoro, ban taɓa ganin uwar mijina ta fara wani abin kirki da hagu ba. Inna muke ce mata, mu da 'ya'yanta da jikoki. In takalmi ne, ƙafar dama ce farko. In yankan farce ne, hannun dama. In tana rabon ƙosai, wanda ke damanta shi zai fara karɓa ko da shi ne autan yaran. Yaro ya miƙo mata abu da hagu ba za ta yi faɗa ba, shiru za ta yi ta zuba masa ido har sai ya sauya hannu. Ta ce sunna ce, haka ta taso ta ji malamai na faɗa, kuma ni ma abin da aka koya mini a Islamiyya ke nan. Ina son wannan halin nata har yau.

Idonta na hagu yanar ido ce ta rufe shi a hankali, har ƙwayar ta koma fara fat kamar an ɗiga nono. Ba ya ciwo, ba ya gani. Na daman ne ke ɗauke da ita. Da shi take tsintar shinkafa, da shi take karanta ɗan Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe da hantsi, da shi take ɗaukar butarta ta zaga bayan gida ita kaɗai. Wannan na ƙarshen ya fi komai girma a wurinta. Ta sha cewa, tana jan carbi, “Kada Allah ya nuna mini ranar da za a riƙe mini hannu a kai ni makewayi.”

Wata bazara wan mijina, wanda nake ce wa Yaya, ya dawo daga kasuwar Makarfi da labari. Ya ji wata mota da lasifika tana shela cewa an buɗe asibitin ido na kuɗi a bakin titi, likita na zuwa daga birni duk ƙarshen mako, ana cire yana a sallami mutum a ranar. Maigidana a lokacin ya tafi Kudu da lodin masara, don haka magana ta Yaya ce. Ni aka ce in raka su, saboda ni ke kula da Inna, kuma ni ce na yi sakandare a matan gidan.

Zuwan farko dubawa ce kawai, ba mu daɗe ba. Likitan ya haska mata 'yar tocila a ido ɗaya, ya haska a ɗayan, ya ce na hagun ya nuna, shi za a yi wa aiki. Na daman, ya ce, akwai 'yar yana tana tasowa, amma a ƙyale shi, ba yanzu ba, sai can gaba. Da kunnena na ji. Abin da Inna ta ɗauko daga maganar kuwa shi ne idanu biyu za a gyara, ɗaya bayan ɗaya. Haka ta riƙa gaya wa mata masu shigowa yi mata fatan alheri, ni kuma ban gyara mata ba. Wa ke gyara wa suruka magana a gaban baƙi?

Ranar aikin muka isa da hantsi, rana ta riga ta fara ƙuna. A zuwan farko ƙofar gaba kawai na gani, mai sabon fenti da hoton ƙaton ido a jikin bango. Wannan karon ta lungu aka zagaya da mu, zuwa wata rumfar kwano a tsakar gida. Nan na gane gidan haya ne aka mayar asibiti. Tsofaffi ne jere a kan benci, maza gefe mata gefe, wasu daga Kudan, wasu daga ƙauyukan Ikara, har da wani dattijo Bafulatani da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ƙasa duk ɓawon rake da ƙwallon mangwaro da 'yan rakiya suka sha suka yar. Ƙudaje kuwa sai ka ce a rumfar mahauta. Su tashi daga kan ƙwallon mangwaro su sauka a gefen idon tsoho, su tashi daga nan su koma kan na kusa da shi.

Mace ɗaya ce ke shirya mutane, kowa na ce mata nas. Farar rigarta ta koma launin ruwan wanki, aljihun gaba da tabon manja. Tana riƙe da waya tsakanin kunne da kafaɗa, tana hira tana dariya, a hannunta kwalbar maganin ɗigawa ɗaya da dunƙulen auduga ɗaya. Na zuba mata ido. Ta buɗe idon wata tsohuwa mai kwantsa har ta manne gashin ido, ta goge da audugar, ta ɗiga magani, bakin kwalbar na gogar fatar idon. Ba ta yar da audugar ba. Juya ta kawai ta yi, ta matsa kan ta gaba. Ni da ko tsumman goge majinar yaro ba na bari ya taɓa fuskar ƙaninsa.

Layi bai zo kan Inna ba tukuna, fitsari kuma ya matse ni tun a mota. Na rusuna na ce, “Inna, bari in zaga in dawo.” Ta ce, “Je ki, 'yar nan.” Haka take kirana, ba ta taɓa kama sunana ba.

Da na san abin da zan tarar a bayan ginin nan, wataƙila da na daure. Makewayin ban iya shiga ba, daga bakin ƙofa na juyo, ba zan ɓata takarda da bayaninsa ba. Amma abin da ke gefensa ne ya tsayar da ni. Tulin shara ne, auduga mai jini, bandeji, safar hannu ta roba, allurai a warwatse, wata akuya na tauna leda a kai. Kusa da kwata kuma, inda ruwan makewayin ke gangarowa, an ɗora wata tukunya a kan kurfoti. Gawayin ya kusa mutuwa. Na leƙa. Ƙananan almakasai ne da 'yan ƙarafa masu tsini kwance a cikin ruwa, ruwan bai ko tafasa ba, ɗumi kawai, saman sa da wani maiƙo-maiƙo, launinsa kamar na ruwan da aka wanke nama. Malamarmu ta Islamiyya ta koya mana cewa ruwan da launinsa ko warinsa ya sauya ba a alwala da shi. Wato ruwan da bai isa in wanke ƙafata in tsaya gaban Ubangijina ba, shi ne ake tsoma abin da za a shigar cikin idon mutum. A gefen tukunyar akwai safar hannu guda biyu an wanke an shanya a igiya, tare da tawul ɗin wani da ɗan kamfai na yaro. Na tofar da yawu, na ce a'uzu billahi, na koma da fitsarina.

Ina shigowa rumfar na hango Inna. An manna mata guntun farar filasta a goshi, alamar idon da za a yanka. A saman idon dama take. An datse gashin idon, an ɗiga magani, hawaye na bin kuncinta.

Na durƙusa a gabanta, murya ƙasa-ƙasa. “Inna, wa ya sa miki wannan a nan?”

“Yarinyar can ce. Ta tambaye ni wanne ne, na ce ai da dama ake farawa.” Ta ɗaga hannu tana kare fuska. “Maganin nan nasu kuwa da ƙarfi, komai ya zama haske, ko fuskarki ba na rarrabewa.”

Ashe haka suke yi. Katunan mutane na can jibge a kan wani teburi, an danne su da kwanon abinci, ba mai buɗewa. Tsohon da ya zo a gyara masa ido shi ake tambaya wanne za a yanka, duk abin da ya faɗa shi ke nan. Inna kuwa ta ba da amsar da take bayarwa a kan komai tun tana budurwa.

Na tashi na je wurin Yaya, yana ɓangaren maza yana hira da wani a kan takin zamani. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa tsayawa a gabansa na fara magana ba, gaisuwa ce kawai daga durƙushe. Na rusuna na ce, “Yaya, don Allah a duba, idon dama suka sa wa alama. Likita na hagu ya ce.”

Ya ɗan leƙa ta inda Inna take. “Ke kin fi su sanin aikinsu ne? Wataƙila likitan ne ya sake shawara. Koma ki zauna.”

Na koma, amma ban zauna ba. Daga ɗakin tiyatar aka fito da wani tsoho da bandeji a fuska, labulen ƙofar ya ɗaga, na hango gado ɗaya da shimfiɗar leda, ba wanda ya goge ta. Nas ɗin ta nuna matar da ke gaban Inna ta ce ta shiga. Daga ita sai Inna. Na tuna butar nan da Inna ke ɗauka ta zaga ita kaɗai. In aka yanka na daman aka rufe da bandeji, na hagun kuma dama babu, a duhu za mu mayar da ita gida. In kuma ruwan tukunyar can ya yi aikinsa, duhun ba mai yayewa ba ne.

Ban san lokacin da muryata ta fita ba. “Malama! Malama nas, ba wannan idon ba ne!”

Maza suka juyo. Nas ɗin ta sauke waya daga kunne ta dube ni sama da ƙasa.

“Hajiya, lafiya kike mana ihu a asibiti?”

“Idon hagu likita ya ce. Wannan da kika sa wa alama da shi take gani.”

“To ni na ce mata ta faɗi dama? Baba, ba ke kika ce dama ba?”

Inna ta sunkuyar da kai, kunya ta gama rufe ta. “Ni na ce. Ke 'yar nan, zauna mana, kin tara mana jama'a.”

Nas ɗin ta ce, “Kin ji ko? Mai ido ta faɗi idonta, ke 'yar rakiya kin fi ta zafi.”

Wata mata a bayana ta ce, “Surukan zamani ke nan, ba kunya ba kara.” Dattijon Bafulatanin nan kuwa ya sa hannu yana laluben goshinsa, ya ce da ɗansa, “Kai, duba mini nawa, a ina suka liƙa?” Sai ga mutane kowa na shafa goshin tsohonsa.

Hayaniyar ce ta fito da likitan. Ya ɗaga labule da hannun da ke cikin safa, da wannan hannun ya gyara hularsa, da shi kuma ya dafa ƙofa. Ya saurare ni rabi da rabi, ya matso ya kalli fuskar Inna, ya ce, “E, na hagu ne. Ba komai, ai da ta kwanta zan gani.” Ya juya ya koma ciki. Ko kallon nas ɗin bai yi ba, balle faɗa. Wataƙila da ya gani ɗin, Allah ne masani. Ni dai na ga yadda ake shigar da mutane ana fito da su kamar ana sauke waina daga tanda, wuta ta ɗauke, janareta na tari, wani na riƙe masa tocila.

Nas ɗin ta zo ta ɓanɓare filastar daga dama, ta manna ita ɗin dai a hagu, ta danna da babban yatsa. “Shi ke nan, Hajiya likita? Hankali ya kwanta?” Mutane suka yi dariya. Wallahi yadda ake sauya wa buhu wuri a sito, haka ta sauya wa idon baiwar Allah alama. Wannan ɓanɓarewar ta fi tukunyar can tayar mini da zuciya.

Na sake komawa wurin Yaya, tunda kunyar ta riga ta zube. Na gaya masa abin da na gani a bayan gini, na roƙe shi mu tafi da ita gida, a jira maigidana ya dawo a kai ta babban asibiti a Zariya. Ransa a ɓace yake. Ya ce na kunyata shi a gaban mutane, ya ce an riga an biya, ya ce kowane asibiti in ka zaga bayansa abin da za ka gani ke nan. Na juya ga Inna. Ta ce, “Duk gari an zo an yi mini addu'a, in koma in ce musu me? Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa.” Da aka kira ta, ni na kama hannunta har bakin labule. Da ƙafar dama ta shiga, da bisimilla.

A mota ba wanda ya yi mini magana har Saulawa.

Washegari da aka buɗe bandejin ta ce tana ganin haske da inuwar mutane, gida ya cika da hamdala. Yaya ya shigo ya gaishe ta, ya ce da ƙarfi yadda zan ji daga madafa, “To ina masu cewa a gudu?” Na ji daɗi har raina, na yi fatan in zama ni ce mai kuskure. Amma ba a jima ba idon ya fara zugi. Inna mai kawaici ce, ba ta faɗa ba sai da na ga ta ture kwanon tuwo tana dafe da rabin kai. Fatar idon ta kumbura ta yi ja, mugunya na tsattsafowa, ina gogewa da auduga sabuwa tana dawowa.

Muka koma asibitin a tsakiyar mako. Likita ba ya nan, sai ƙarshen mako. Nas ɗin ce zaune a ƙofa tana cin awara. A rumfar mun tarar da dattijon Bafulatanin nan da ɗansa, shi ma ido a kumbure, ya haɗa kai da sanda. Nas ta kalli Inna daga inda take zaune, ba ta ko tashi ba.

“Kun bar ta ta shiga hayaƙi ko? Ko kun sa mata kwalli? Ku mutanen ƙauye ba kwa jin magana.”

Na ce, “Ko ƙofar madafa ba ta je ba. Ni ke ɗiga mata magani, sai na wanke hannu da sabulu.”

“To ƙaddara ce. A ci gaba da ɗigawa.” Ta lashe yajin da ke yatsanta.

Daga nan tasha muka wuce, muka hau motar Zariya. A babban asibitin, likitar da ta duba ta mace ce, ta wanke hannu a gabanmu kafin ta taɓa ta. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ƙwayar cuta ta shiga can cikin idon, an makara, abin da za su iya shi ne su kashe ciwon kada ya wuce nan. Ta tambayi inda aka yi aikin, Yaya ya faɗa, ta girgiza kai kawai. Sai ta duba na daman da kyau, ta ce, “Wannan lafiyarsa lau. Ku riƙe shi da kyau, Baba, shi ne jarinki.”

Muka yi kwanaki a can. Idon hagun ya lotsa, ya rufe, ko hasken da ya ɗan fara gani babu.

Da muka dawo 'yan dubiya suka yi ta shigowa. Kowa ya zauna sai ya ce, “Sannu Inna, haka Allah ya so.” Ni ma na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi, ba na wasa da wannan. Amma duk lokacin da na ji kalmar sai in ga nas ɗin nan tana lashe yatsa. Ita ma abin da ta ce ke nan. Allah da ya ƙaddara shi ne ya ce a yi tsarki, bai ce a shanya safar tiyata kusa da kamfan yaro ba. Ina zuba wa baƙi ruwa ina haɗiye maganar, don in na faɗa za a ce ina jayayya da hukuncin Ubangiji. Ba wanda ya kai ƙara ko'ina. Maigidana da ya dawo ya yi ta huci zai je ya same su, dattawa suka ce ya bar wa Allah. Motar lasifikar kuwa ba ta fasa zagaya kasuwa ba.

Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar ranar nan ba, ni ma ban tayar ba. Tsakaninmu sai gaisuwa da abin da ba a rasa ba, har na ɗauka tana riƙe da ni a kan ɗaga muryar da na yi.

Bayan an yi girbi, wata ranar da la'asar, Inna na zaune a tabarma da faifai a cinya tana tsintar shinkafa, ta karkatar da kai gefe yadda ta koma yi. Ni ina tankaɗe a ƙofar madafa. Yaya ya yi sallama ya shigo da waya a hannu, ya durƙusa nesa kaɗan. Ya ce mutanen asibitin nan ne suka kira. Sun ce sun ji abin da ya faru, ba su ji daɗi ba, a kawo Inna a yi mata ɗaya idon kafin yanar ta rufe shi, za su yi sauƙi.

Rariyar ta tsaya a hannuna. Wato har bakin da za su nemi na biyun suke da shi.

Inna ba ta ɗago ba. Ta tsinci wata 'yar tsakuwa ta jefar, ta sake tsintar wata. Can ta nuna ƙofar madafa da haɓa.

“A tambayi 'yar nan,” ta ce. “Idon a hannunta yake.”

Yaya ya juyo gare ni. Bai taɓa tambayata komai ba a gidan nan.

Na rusuna na ce, “Yaya, a yi haƙuri. Ba za ta je ba.”

Ya gyaɗa kai, ya sa wayar a aljihu, ya fita. Inna ta gama tsintarta ta miƙo mini faifan. Sannan ta jawo takalmanta, ta sa na dama, ta sa na hagu, ta ɗauki butarta ta zaga ita kaɗai.